Kwana Goma Sha Huɗu a Kuttanad

Shekara ashirin ina tuƙa jirgin fito
tsakanin Kainakari da Alappuzha.
Na san inda kainuwa ke shaƙe farfela,
na san kukan inji in yana ƙishin mai,
amma ban san da baƙo a cikina ba
sai da dare ya koma garwashi
a ƙarƙashin haƙarƙarina.

Likita Annamma ce ta gano shi.
Ta ce wata ƙwayar cuta ce, siririya, murɗaɗɗiya,
ta haƙa rami a bangon tumbi
ta yi zamanta cikin tsami kamar kada a tafki.
Ta ba ni magani iri uku, safe da yamma,
kwana goma sha huɗu, ba fashi.

Ran na biyar na tashi
kamar na kwana da tsohuwar ƙusa a baki.
Shayi tsatsa, shinkafa tsatsa,
har ruwan kwakwa tsatsa.
Ni da igiyar ruwa ba ta taɓa juya wa zuciya ba,
ga ni durƙushe bayan sitiyari
'yan makaranta na kallo.

Sai na ɗaure ƙwayoyin a leda
na nufi gidan Kunjunni, tsohon Ayurbeda,
wanda barandarsa ke ƙamshin man riɗi da saiwoyi.
Na je ne ya ce mini: zubar.

Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna,
ya lumshe ido,
har hankaka ya sauka ya tashi.
Ya ce, "Sahadevan, in jirgi ya kai tsakiyar ruwa
kana sauke fasinja don sun gaji?"
Na ce a'a.
Ya ce, "To, kai ƙwayoyin nan gaɓa.
Su ne masu korar baƙon, ba ni ba.
Ni murhu nake gyarawa.
Akwai wuta a cikin kowa, ita ke dafa abin da ya ci.
Taka ta zama wutar kara,
ta tashi fuu, ta mutu, ta bar hayaƙi."

Ya rubuta a bayan tikitin jirgi:
kunun shinkafa mai ɗumi, ruwa-ruwa,
tsala da tsakar rana, da ɗan citta kamar ƙumba,
ruwan da aka tafasa, a sha kafin ya huce sarai.
Ban da barkono, ban da tsamiya, ban da soye,
ban da giyar kwakwa ta ranar albashi.
Ka ci a zaune, ba da hannu ɗaya a sitiyari ba.
"Ka kai wa Annamma takardar ta gani,
kada girki biyu su yi faɗa a tukunya ɗaya."

Ta gani. Ta matsar da tsalar nesa da lokacin magani,
ta sa hannu, tana murmushi.

Ponnamma, matata, ta ɓoye tulun miyar kifi
a gidan ƙanwarta.
Ina jin ƙamshinsa ta kan katanga,
ina haɗiyar kunu da yawu tare.

Ran tara ƙusar ta fara narkewa.
Ran sha biyu na ji yunwa,
yunwa ta gaske, mai sallama kafin ta shigo,
ba mai cizo ba.

Bayan makonni aka ba ni jaka in hura,
wai numfashina zai ba da shaida
ko baƙon ya kwashe kayansa.
Sakamako sai Talata.

Yau dai na ci sala ɗaya ta kifi,
Ponnamma ta wanke masa rabin yajin.
Na zauna a bakin ruwa ina saurare,
yadda nake sauraren inji da asuba.
Shiru.
Agwagi kawai, suna tsallaka gonar shinkafa.